Tijjani Babangida: Ɗan Kadunan da ya gigita Turai da gudu, ƙaddara ta tare shi a hanyar Zariya

Wasu 'yan kallo ba su gama neman wurin zama ba a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas, ranar Alhamis 10 ga Fabrairun 2000, sai ga ƙwallo a ragar Afirka ta Kudu. A mintin farko da take wasa ke nan.

Wanda ya ci wani gajeren ɗan wasan gefe ne daga Kaduna, Tijjani Babangida. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya ƙara ta biyu, kuma a haka aka tashi, 2-0, Najeriya ta kai wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka da ta karɓi baƙunci tare da Ghana.

Wasan ya wuce batun ƙwallo kawai. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofin da suka ci a 1994, saboda takun-saƙar da ta biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa. Bafana Bafana suka ɗauki kofin a gida, ita kuma hukumar CAF ta hukunta Najeriya da hana ta shiga gasar 1998. Shekara huɗu ana musu a majalisu da wuraren mai shayi kan cewa da Najeriya ta je, da Afirka ta Kudu ba ta ga kofin ba.

Ga shi kuma ranar da za a raba gardama babu Jay-Jay Okocha, domin an ba shi jan kati a wasan Senegal. Babangida ne ya ɗauke wa ƙasa wannan nauyi.

Matasan yau da dama sun fi sanin sunansa ta hanyoyi biyu: ko dai a wasan ƙwallo na PlayStation, ko kuma a labarin hatsarin motar da ya girgiza Arewa a 2024. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekara goma sha uku na murza leda a Holan da Turkiyya da Saudiyya da China.

Daga Kaduna zuwa garin ma'aikatan kwal

An haifi Tijjani Babangida a Kaduna ranar 25 ga Satumban 1973. Kaduna ta wancan zamani gari ne na masaƙu da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma kusan kowace unguwa da filinta. Garin Ranchers Bees ne, ƙungiyar da Daniel Amokachi ya fito daga cikinta. Amma shi Babangida a Minna ya fara yin suna, a ƙungiyar Niger Tornadoes.

A 1991 ya bi tawagar Najeriya zuwa Wasannin Afirka da aka yi a Alƙahira. Bayan gasar ne ƙungiyar Roda JC ta Holan ta ɗauke shi, lokacin yana ɗan kimanin shekara 18.

Ba a sama aka samo wannan hanya ba. A lokacin ɗan Holan ne ke horar da Super Eagles, wato Clemens Westerhof, mataimakinsa Jo Bonfrere shi ma ɗan Holan ne, kuma duk rayuwarsa ta ɗan wasa a Roda JC ya yi ta. Ƙofar da ke tsakanin ƙwallon Najeriya da na Holan a buɗe take a waɗannan shekaru, 'yan wasa da dama sun bi ta.

Roda tana Kerkrade ne, wani ƙaramin gari a lardin Limburg da ke kan iyakar Jamus, wanda a da aka san shi da haƙar kwal. Sai dai ba a bar yaron ya zauna a can ba. Nan take aka tura shi aro zuwa VVV-Venlo, ita ma a lardin. Kakarsa ta farko ba ta yi daɗi ba, domin ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu.

Wannan faɗuwa ta zame masa alheri. A rukuni na biyu ya samu abin da matashi ya fi buƙata, wato buga wasa duk mako ba tare da an zuba masa ido da yawa ba. Ya ci ƙwallo 16 a kakar 1992-93, VVV ta zama zakara ta koma babbar gasa ta Eredivisie, Roda kuma ta kira abinta.

Shekara goma sha bakwai bayan haka, a 2010, wani matashi mai gudu daga Kano Pillars ya sauka a wannan ƙungiya ta Venlo. Sunansa Ahmed Musa.

A Roda, ƙarƙashin koci Huub Stevens, Babangida ya zama abin tsoro ga masu tsaron baya. A kakar 1994-95 ƙungiyar ta ƙare a matsayi na biyu a Holan, a gaban PSV da Feyenoord. Ajax kaɗai ta fi ta, ita kuwa a shekarar ba a doke ta ko sau ɗaya a gasar gida ba, sannan ta haɗa da Kofin Zakarun Turai.

Inuwar Finidi

A nan ne wani suna ya fara bin Babangida kamar inuwa. Ɗan wasan da ke riƙe da gefen dama a waccan Ajax ɗan Najeriya ne, Finidi George, kuma shi ne dai ke riƙe da gefen dama a Super Eagles. Wuri ɗaya, mutum biyu. Lokacin da Westerhof ya tafi Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, Finidi ya je, Babangida ya kalla daga gida.

Salonsu ya bambanta. Finidi dogo ne mai natsuwa, yana ɗaga kai ya auna inda zai aika ƙwallo. Babangida gajere ne, jarinsa ƙafa: a jefa masa ƙwallo bayan mai tsaron baya, sauran aikin nasa ne. Masu horarwa sun fi amincewa da irin na farko, 'yan kallo kuwa sun fi tashi tsaye wa na biyu.

Damarsa ta zo a Gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda Bonfrere ya jagoranci tawagar 'yan ƙasa da shekara 23. Ba a cika tunawa ba, amma Kaduna ta yi kaka-gida a wannan tawaga: ga Babangida, ga Amokachi, ga Garba Lawal, ga Celestine Babayaro da wansa Emmanuel mai tsaron gida.

Sauran labarin kowa ya sani. Brazil ta su Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos na gaba da ci 3-1 a wasan kusa da na ƙarshe, Najeriya ta farke, Nwankwo Kanu ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Ranar 3 ga Agusta kuma aka doke Ajantina 3-2, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci lambar zinare a ƙwallon ƙafa na Olamfik. Babangida na cikin 'yan wasa 11 da aka fara wasan ƙarshen da su.

A bazarar ce Finidi ya bar Ajax zuwa Real Betis ta Sifaniya. Louis van Gaal ya duba cikin Holan ya ɗauko wanda zai maye gurbinsa daga Roda. Ita kuma Roda, a wannan shekarar dai, ta ɗauki wani ɗan Kaduna, Garba Lawal.

Daren Madrid

Ajax ɗin da Babangida ya tarar ba ita ce ta 1995 ba. Hukuncin Bosman, wanda wata kotun Turai ta yanke a Disamban 1995, ya bai wa ɗan wasa damar tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare, kuma Ajax na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Edgar Davids da Michael Reiziger sun tafi AC Milan ba tare da an biya ko sisi ba. Kanu ya koma Inter Milan. Ƙungiyar ta bar tsohon filinta na De Meer ta tare a sabon Amsterdam Arena, rauni kuma ya addabi 'yan wasanta.

Tsarin Van Gaal bai da sassauci ga 'yan wasan gefe. Dole mutum ya manne da layi, ya buɗe fili, ya san lokacin da zai ruga da lokacin da zai mayar da ƙwallo baya. Ga ɗan wasan da ya saba a sakar masa mara a Roda, wannan makaranta ce sabuwa, kuma duk kuskuren da ya yi sai a tuna da Finidi.

Sai daren 19 ga Maris 1997 a filin Vicente Calderon. Ajax ta je wa Atletico Madrid, zakarun Sifaniya, a wasan daf da na kusa da ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, bayan an yi 1-1 a Amsterdam. Minti 90 ya cika ana 1-1, aka shiga ƙarin lokaci. Dani ɗan Portugal ya ci wa Ajax wata ƙwallo daga nesa, Milinko Pantic ya farke da fenareti. Da 2-2 Ajax ce za ta wuce saboda ƙwallayen waje, don haka Atletico ta kwashe kowa ta yi gaba tana neman ta uku.

Babu yanayin da ya fi wannan dacewa da mai gudu. Saura kimanin minti ɗaya a tashi, Babangida ya ci ta uku, ya kashe wasan 3-2.

Juventus ta cire Ajax a zagaye na gaba, ta doke ta gida da waje, a gasar Holan kuma ƙungiyar ta ƙare ta huɗu. Van Gaal ya tafi Barcelona, Marc Overmars ya tafi Arsenal, Patrick Kluivert ya tafi Milan.

Kakar da ta biyo baya, 1997-98, ita ce ƙololuwar rayuwarsa ta ƙwallo. Sabon koci Morten Olsen ɗan Denmark ya haɗa tawaga mai Michael Laudrup da Jari Litmanen da Shota Arveladze da tagwayen De Boer, Frank da Ronald, da Edwin van der Sar a raga. Sunday Oliseh ya zo daga Jamus, Benni McCarthy ya zo daga Afirka ta Kudu. Ajax ta ci ƙwallo 112 a gasar gida, Babangida ya ci 13 daga ciki, adadi mai yawa ga ɗan wasan gefe. Suka ɗauki kofin gasar, suka kuma lallasa PSV 5-0 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale.

Abin takaici ga Najeriya shi ne, a daidai wannan lokaci da yake kan ganiyarsa, ƙasar na zaman hukuncin CAF. Gasar Kofin Afirka biyu suka wuce shi da tsaransa ba don rauni ko gazawa ba, sai don rigimar siyasa.

A Gasar Cin Kofin Duniya ta Faransa a 1998 ma Finidi ne ke gaba, Babangida kan shigo daga benci. Bayan an doke Sifaniya 3-2 da Bulgeriya 1-0, mutane suka fara lissafin haɗuwa da Brazil, kamar an riga an gama da Denmark. Ranar 28 ga Yuni a Stade de France, Denmark ta zura huɗu. Ƙwallo ɗayan da Najeriya ta samu Babangida ne ya ci, a lokacin da ba ta da sauran amfani sai rage kunya.

Saukowa

Daga nan abubuwa suka fara juyawa. Zazzaɓin cizon sauro ya hana shi fara kakar 1998-99 da wuri, an sallami Olsen a tsakiyar kaka, Jan Wouters ya karɓa. Ajax ta sake cin kofin ƙalubale a 1999, amma Babangida ya daina zama wanda ba a taɓawa. Da Co Adriaanse ya zo a 2000, ƙofa ta rufe gaba ɗaya.

Wato lokacin da ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyun nan a Legas, ba ya ma samun wasa sosai a ƙungiyarsa. Kwana uku bayan nan Najeriya ta faɗi a hannun Kamaru a wasan ƙarshe, a bugun fenareti bayan an tashi 2-2, a wasan da har yau ake jayayya kan bugun Victor Ikpeba da ya daki ƙarfe ya tsallake layi alƙalin wasa bai gani ba.

Ajax ta riƙa tura shi aro. Ya je Genclerbirligi da ke Ankara, ya dawo Holan ya buga wa Vitesse ƙarƙashin Ronald Koeman. Nan ma sa'a ba ta tsaya ba: a Disamban 2001 Koeman ya bar Vitesse ya koma horar da Ajax, Babangida ya rasa wurinsa a hannun wanda ya gaje shi. Daga nan sai Al-Ittihad ta Jidda, sai Changchun Yatai ta China, inda ya jingine takalmansa a 2004 yana da shekara 31 kacal. Ɗan wasan da jarinsa gudu ne ba ya daɗewa kamar mai raba ƙwallo a tsakiya.

A Super Eagles ma ƙarshen bai yi daɗi ba. A Yulin 2001 a Fatakwal ya ci Ghana ƙwallo biyu a wasan da aka tashi 3-0, wanda ya bai wa Najeriya tikitin zuwa Gasar Kofin Duniya ta Koriya da Japan. Amma bayan tawagar ta zo ta uku a Kofin Afirka na Mali a 2002, aka kori koci Shuaibu Amodu, sabon koci Festus Onigbinde ya yi wa manyan 'yan wasa tankaɗe da rairaya. Oliseh da Finidi da Babangida duk ba a je da su ba. Mutumin da ya ci ƙwallayen tikiti a talabijin ya kalli gasar.

Wani abin dariya shi ne, a daidai lokacin da tauraronsa ke dusashewa a fili, yana ƙara haske ne a na'ura. Kamfanin Konami na Japan, mai wasan Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, ya ba shi makin gudu da kusan babu na biyunsa. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga gem a Kano ko Kaduna ko Jos a farkon shekarun 2000 ya san dabarar: a ɗauki Najeriya, a tura wa Babangida ƙwallo, a danne maɓallin gudu. Daga Brazil har Indonesiya akwai mutanen da ba su taɓa ganin wasansa na gaske ba amma sun haddace sunansa.

Gidan 'yan ƙwallo

Tijjani ba shi kaɗai ba ne a gidansu. Ƙanensa Ibrahim na cikin tawagar Golden Eaglets da ta ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, tare da Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro, daga baya ya buga wa Volendam ta Holan. Ƙaraminsu Haruna ya shiga makarantar ƙwallo ta Barcelona, har Van Gaal ya gwada shi da manya a wasannin share fage yana ɗan shekara 15. Bai samu gurbi a babbar tawagar ba, ya ci gaba da sana'arsa a Metalurh Donetsk ta Yukren da Olympiacos ta Girka da wasu ƙungiyoyi.

Bayan ritaya Tijjani ya dawo gida, ya yi dillancin 'yan wasa, daga bisani ya zama shugaban Ƙungiyar Ƙwararrun 'Yan Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, PFAN. Aiki ne marar ƙyalƙyali. Yawancinsa bin bashin albashin 'yan wasan gasar gida ne da ƙungiyoyi ke riƙewa, da neman taimako ga tsofaffin 'yan wasan da ciwo ya kwantar.

Matsalar kuwa tsohuwa ce. Gidajen da gwamnati ta yi wa tawagar 1994 alƙawari sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a bai wa waɗanda ba su samu ba, lokacin Rashidi Yekini da Stephen Keshi da wasu sun riga sun rasu. Wilfred Agbonavbare, mai tsaron gidan da ya je Amurka a 1994, ya ƙare yana aikin ɗaukar kaya a filin jirgin saman Madrid kafin kansa ta kashe shi a 2015. Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin 1980, sai da attajiri Femi Otedola ya biya kuɗin jinyarsa a Landan a 2019. Ƙasar da ke iya tsayawa cak saboda wasan minti 90 har yanzu ba ta da tsayayyen tsarin fansho ko inshorar lafiya da tsohon ɗan wasa zai dogara da shi, sai dai roƙo a kafafen sada zumunta da jiran tausayin mai kuɗi.

Ranar Alhamis 9 ga Mayun 2024, mai nema wa wasu taimako ya zama abin a taimaka. Motar da Tijjani ke ciki da iyalinsa ta yi hatsari a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ƙanensa Ibrahim, gwarzon Japan 1993, ya rasu. Aka garzaya da Tijjani da matarsa, jarumar Kannywood Maryam Waziri wadda masu kallon Labarina suka sani da Laila, zuwa asibiti a Zariya, ita da munanan raunuka a fuska. Ɗansu, wanda bai wuce shekara ɗaya ba, shi ma bai yi rai ba.

Hanyar wani ɓangare ne na babban titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda gwamnatin tarayya ta bayar da kwangilar sake gina shi tun ƙarshen 2017. Ibrahim ya rasu yana da shekara 47.